Daga Dutsin-Ma Da Kurfi Zuwa Jidda: Darasi Kan Canjin Jirgi Da Neman Mota

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi tafiyar jirgin sama ne, musamman ga wadda za ta tashi daga Dutsin-Ma ko Kurfi da ƙauyukan da ke kewaye da su. Za mu ɗauki tafiyar Umara a matsayin misali domin ita aka fi yi, amma yawancin abin da za a faɗa ya hau kan mai zuwa asibiti a Masar ko Indiya, da mai zuwa zaman jego wurin ɗiyarta a wata ƙasa. Ban sa aikin Hajji ta hannun hukumar alhazai ba, domin shi hukuma ce ke ɗaukarki daga sansanin alhazai na Katsina, ta sa ki a jirgi guda har Saudiyya, ga jami'ai a gaba ga jami'ai a baya. Umara kuwa ejan ne zai miƙo miki tikiti da biza, ya ce Allah ya kiyaye hanya.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, zaman cikin jirgi ba shi ne wahalar tafiya ba. In kin zauna kin ɗaura bel, sauran aikin na matuƙi ne. Inda ake samun matsala shi ne mahaɗa, wato tsakanin mota da jirgi, tsakanin jirgi da jirgi, da tsakanin jirgi da motar da za ta kai ki masauki. A nan ake makara, a nan kaya ke ɓata, a nan ake rabuwa da abokan tafiya. Mu mata kuma mun saba mu bar komai a hannun maigida ko ɗan rakiya, fasfo yana aljihunsa, tikiti yana cikin wayarsa, ke dai bi kawai kike yi. To ranar da layi ya raba ku, ko aka tsayar da shi ana yi masa tambayoyi, me ke hannunki?

Tun kafin a biya kuɗin tikiti

Filayen jirgi uku ne ke gabanki. Na Katsina, mai sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, shi ne mafi kusa, domin tsakanin Dutsin-Ma da Katsina kimanin kilomita 60 ne, kuma Kurfi tana kan hanyar. Sai dai in ba lokacin jigilar alhazai ba, jiragen cikin gida ne ke sauka a can, don haka wadda ta tashi daga Katsina yawanci Abuja za ta je ta canza jirgi. Na biyu shi ne na Malam Aminu Kano, wanda daga shi ake samun jirgin ƙasar waje, wani ya wuce Jidda kai tsaye cikin awa biyar ko ƙasa da haka, wani ya yada zango a Adis Ababa ta Habasha ko Alƙahira ta Masar. Na uku na Abuja, wanda ya fi su yawan jirage amma ya fi nisa.

Tambayar farko da za ki yi wa ejan, ko ki sa maigida ya yi masa a gabanki, ita ce: tikitin nan guda ne ko biyu? Wannan ba ƙaramar tambaya ba ce. In tafiyar duka tana kan tikiti guda mai lambar rajista guda, misali Kano zuwa Adis Ababa zuwa Jidda, to in jirgin farko ya makara har na biyu ya tafi ya bar ki, nauyin kamfanin ne ya sa ki a wani jirgin ba tare da kin ƙara ko kwabo ba, kuma kayanki za su wuce da kansu. In kuwa biyu ne, misali an saya miki Katsina zuwa Abuja a wani kamfani, Abuja zuwa Jidda a wani, to babu ruwan na biyu da makarar na farko. Za su rubuta cewa ba ki zo ba. Abin da ya fi ciwo, a ƙa'idar yawancin kamfanoni wanda bai hau jirgin tafiya ba, ana soke masa har na dawowa. Kin ga arahar da aka gani a tikiti biyu ta zama tsada.

Saboda haka in dole sai ta Abuja za a bi da tikiti biyu, ki tafi ana gobe, ki kwana. Kada wani ya ce miki awa uku ta isa. Jirgin cikin gida ana ɗaga shi ana sokewa, balle daga Disamba zuwa Fabrairu lokacin da hazo ke rufe Katsina da Kano, jirgi ya kasa sauka ya juya da fasinjojinsa. A Abuja ginin jiragen cikin gida daban yake da na ƙasar waje wanda aka buɗe a Disambar 2018, amma suna kusa da juna. Legas ce ba haka ba, can sai kin kwashi kayanki kin shiga mota kin bi cunkoson gari kafin ki kai ɗaya ginin. In akwai yadda za a yi, ki kauce wa canji a Legas.

Sai maganar suna. Ki ɗauki fasfonki da tikitin da bizar ki jera su, ki duba harafi bayan harafi. Mu nan mace guda tana iya zama Aisha a wannan takarda, Aishatu a waccan, nan da sunan mahaifi, can da sunan miji. A gida babu wanda zai damu, amma a kantar jirgi ana iya hana ki tafiya a kan haka. Sunan da ke fasfo shi ne sunanki a duk tsawon tafiyar. Ki duba kuma ranar ƙarewar fasfon, domin ana so ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Katin rigakafi mai ruwan ɗorawa shi ma ki neme shi da wuri, saboda allurar sanƙarau da Saudiyya ke nema sai an yi ta aƙalla kwana 10 kafin isa.

Masu shekaru a cikinmu za su tuna Satumbar 2012, lokacin da aka tsare mata alhazan Nijeriya kimanin dubu a filayen jirgin Jidda da Madina a kan batun muharrami, aka dawo da da yawa gida ba su yi aikin ba. A Oktobar 2022 ministan Hajji da Umara na Saudiyya, Taufiƙ Al-Rabi'a, ya sanar cewa ƙasar ba ta sharɗanta muharrami ga mace mai zuwa Umara. Wannan dokar ƙasa ce. Hukuncin shari'a a kan tafiyarki kuwa ki zauna da malamanki da maigidanki tun kafin a kai ga biyan kuɗi. Abin da ya shafi darasinmu shi ne doka tana canzawa, don haka labarin Hajiyar da ta je shekara biyar da suka wuce ba zai wadatar da ke ba.

Daga gida zuwa filin jirgi

Bari mu yi lissafi tare. A ce jirginki zai tashi daga Kano ƙarfe 1:30 na rana. Jirgin ƙasar waje ana so ki isa awa uku kafin tashi, wato 10:30, kuma galibi ana rufe awon kaya saura awa ɗaya. Daga Dutsin-Ma za a bi ta Kankiya a hau babban titin Katsina zuwa Kano, a wuce Tsanyawa da Bichi, a shiga ta Dawanau. Ki ba wannan hanya awa uku, saboda shingayen jami'an tsaro da cunkoson bakin gari. Ke nan ƙarfe 7:30 na safe ya kamata a ce mota ta bar ƙofar gida, ba a lokacin ake neman ɗankwali ana sallama da maƙwabta ba. Yanzu ki ƙara faci guda, ko layin mai, ko direban da ya ce zai zo bayan asuba bai zo ba sai hantsi. Shi ya sa ni a ganina kwana a Kano wurin 'yan'uwa ya fi, ko da za a ce kin cika garaje.

In jirgin na dare ne ko na asuba, to babu ma zancen zaɓi. Duk wanda ke zaune a yankin nan ya san abin da 'yan bindiga suka yi a hanyoyin Dutsin-Ma, Kurfi, Safana da Ƙanƙara a shekarun nan. Ki bar gida da rana tsaka, ki isa da haske. Kuma 'yar'uwa, a rage shela. Ba sai duk unguwa ta san rana da sa'ar da za ki tashi ba, ba sai an sa hoton akwati a WhatsApp ba. Neman yafiya da sallama a yi su tun da sauran kwanaki, ranar tafiya kuwa ta zauna tsakanin mutanen gida.

Motar haya ta tasha ba ta tashi sai ta cika, ita kuwa ba ta san da jirginki ba. In hali ya yi, a ɗauki shata, ko ku haɗu ku uku ko huɗu masu tafiya rana ɗaya ku raba kuɗin. A samu direban da aka sani, a yi ciniki ana jibi, a faɗa masa har cikin filin jirgi zai kai ku, a kuma daidaita wanda zai biya kuɗin shiga ƙofa. In kuma ta tasha kika bi, ko motar KTSTA, ki sani a tasha za a sauke ki, kamar ta Ƙofar Ruwa inda motocin Katsina ke tsayawa, daga nan sai kin sake neman tasi ko adaidaita-sahu da akwatunanki. Ki sa wannan ma a lissafin lokaci. Kayanki kuma ki tsaya a kansu har a rufe but, kada ki shige mota ki bar ɗan kamasho yana lodi.

Wurin awon kaya

A nan zan daɗe, domin a nan rayuwar mutum ke iya juyawa cikin minti biyar ba tare da ya sani ba.

In aka ɗora akwatinki a sikeli, ma'aikaci zai buga wata doguwar takarda mai lamba ya liƙa a hannun akwatin, ya ɓallo ƙaramin yankinta ya manna a bayan katin shiga jirgi ko a fasfonki. Wannan shi ake kira tag. Kowane akwati da tag ɗinsa, kuma kowane tag yana ɗauke da sunan fasinja. A idon hukuma, duk jakar da ke da tag mai sunanki taki ce, da duk abin da ke cikinta.

A Disambar 2018 wata ɗalibar Jami'ar Maitama Sule ta Kano ta tashi daga filin jirgin Kano zuwa Umara tare da mahaifiyarta da 'yar'uwarta. Bayan sun sauka masauki a Madina jami'an Saudiyya suka zo suka kama ta, saboda an samu wata jaka mai sunanta ɗauke da ƙwayar tiramadol. Binciken hukumar NDLEA ya nuna cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin suka liƙa wa jakar sunanta ba da saninta ba. Sai ƙarshen Afrilun 2019 aka sake ta, bayan wata huɗu a tsare, a ƙasar da hukuncin safarar ƙwaya ke kaiwa ga kisa. Kada ki ce ai wannan ya wuce. A Agustan 2025 an sake tsare wasu masu Umara uku a Jidda, da mata a cikinsu, waɗanda suka tashi daga Kano ta Adis Ababa, a kan jakunkunan da ba nasu ba, sai a Satumba aka sako su bayan NDLEA ta kama waɗanda ake zargi.

To me za ki yi? Ki tsaya da ƙafarki a gaban kanta lokacin da ake auna kayanki, ko da maigida ne ke magana da ma'aikacin. Kada ki ba wani ɗan taimako fasfonki ya je ya auna miki ke kina zaune a benci, komai kirkin fuskarsa, komai Hajiya-Hajiyar da zai yi miki. Ki ƙirga: akwati biyu kika ba da, tag biyu za a ba ki. Ki tambayi ma'aikacin da bakinki, "Jaka nawa ke kan sunana, kilo nawa?" Ki ɗauki hoton akwatunan da tag a jikinsu, ki ɗauki hoton ƙananan takardun, ki tura wa wani a gida nan take. Wannan hoton mai ɗauke da rana da lokaci shaida ce. Kuma ki duba haruffa uku da ke kan tag ɗin, JED Jidda ke nan, MED Madina. In kika ga ADD ko CAI, to kayan a Adis Ababa ko Alƙahira za su tsaya, ki yi magana tun a nan.

Akwai kuma wanda zai zo da lallami, ya ce kilonsa ya yi yawa, ki taimaka a sa jakarsa guda a sunanki. Akwai ta unguwa mai kawo ƙulli a kai wa ɗanta a Makka. Na san kunya tana da wuya a wurinmu, musamman in babba ce ta aiko. Amma saƙon da ba a buɗe a gabanki kin ga cikinsa ba, kada ki karɓa. In kunyar ta yi yawa, ki jingina abin ga maigida, ki ce ya hana. Goro ma hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da shi, ki bar shi a gida. Maganin da kike sha na hawan jini ko suga ki bar shi cikin kwalinsa, tare da takardar likita.

Jakar hannu ita ce za ta raka ki a zango, don haka ki shirya ta kamar akwatin ba zai iso ba: magani, kaya kala ɗaya da hijabi, audugar mata, caja, ɗan abin taɓawa irin su dabino ko biskit. Fawa-banki a jakar hannu ake sa shi, ba a yarda da shi cikin akwatin awo ba. Abu mai ruwa kuwa, kamar turare ko man shafawa, kada kwalbar ta wuce mililita 100, in ba haka ba humrarki mai tsada za ta ƙare a kwandon masu bincike. Fasfo, katin shiga jirgi, tag da kuɗi su zauna a ƙaramar jaka mai rataye a ƙarƙashin hijabinki. Naki a jikinki, nasa a jikinsa.

Mai juna biyu ta sani yawancin kamfanoni suna neman takardar likita daga mako na 28, kuma ba sa ɗauka bayan mako na 36. In da tsohuwa za ki yi tafiya, ko ke kanki gwiwa na damunki, a gaya wa ejan ya nemi keken marasa lafiya aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne, kuma mai tura keken shi zai kai ku har ƙofar jirgi na biyu, wanda hakan kaɗai ya rage rabin wahalar zango.

A zango

Kin sauka Adis Ababa ko Alƙahira. Abu na farko, ba ki iso ba. Kada ki bi ayarin masu fita gari, kada ki je neman akwati. Ki nemi allon da aka rubuta Transfer ko Connecting Flights, ki bi kibiyarsa. In ba ki karanta Turanci, ki sa a rubuta miki kalmomin nan a takarda tun daga gida, ki riƙa gwadawa da allon, ko ki nuna wa ma'aikaci mai inifom katin jirginki na biyu, zai nuna miki hanya. Za a iya sake binciken jakar hannu, wannan ba wani abu ba ne.

Daga nan sai ki nemi ƙofarki. Kowane jirgi yana da lamba, haruffa biyu da alƙaluma, kamar ET ga jirgin Habasha ko MS ga na Masar. Da wannan lamba za ki duba babban allon talabijin, ba da sunan gari kaɗai ba, domin jirage biyu ko uku na iya zuwa Jidda a dare guda. Ana canza ƙofa ba tare da an zo an gaya miki ba, saboda haka ki riƙa leƙa allon. Ki fara zuwa ki ga ƙofar da idonki, sannan ki nemi banɗaki da masallaci da shayi. Lokacin da za ki kula da shi a katin shi ne na fara shiga jirgi, ba na tashi ba, domin ana rufe ƙofa tun saura minti 15 ko 20.

Agogo yana yaudarar mutane da yawa a nan. Duk lokacin da aka rubuta a tikiti na garin da abin zai faru ne. Habasha da Saudiyya suna gaban Nijeriya da awa biyu. Masar tana gabanmu da awa ɗaya, amma tun 2023 ta koma ƙara awa guda daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, sai ya zama biyu. Wato in agogon hannunki ya nuna 9:00 na dare a Adis Ababa, to 11:00 ce. Ki gyara shi tun jirgi bai tsaya ba. Wani abin mamaki, mutanen Habasha suna da nasu ƙirgen na gargajiya da ke farawa daga wayewar gari, abin da muke kira ƙarfe 7:00 na safe su ƙarfe ɗaya ne a wurinsu. Filin jirgi ba ya aiki da wannan, amma dalili ne na ki dogara da allo maimakon tambayar mai shago.

Zangon da bai kai awa biyu ba ya yi wa mai yara ko tsohuwa kaɗan. Wanda ya wuce awa takwas kuma, wasu kamfanoni irin su Ethiopian suna ba da masauki da abinci bisa sharuɗɗansu, amma a tambaya tun wurin sayen tikiti, ba sai an isa ana gyangyaɗi a kujera ba. In jirgin farko ya makara kika rasa na biyu, kada ki zauna kuka, kada kuma ki fita. Ki je teburin kamfanin da ke cikin ɓangaren masu canji, ki miƙa katinki da tag. Da ke da abokan tafiya ku yi alkawari tun a jirgi cewa duk wanda ya ɓace, a haɗu a ƙofar jirgi na biyu, domin layin wayarki na gida ba lalle ya yi aiki ba, intanet ɗin filin jirgi kuma ba kullum yake kamawa ba.

In Jidda za ki sauka ki wuce Makka kai tsaye, zango shi ne wurin shirin harami, domin jirgi zai ƙetare miƙati kuna sama. Ke mace kayanki na sutura su ne haraminki, sai dai ki yi tsarki da alwala a nan cikin natsuwa, maigida kuma ya ɗaura nasa a nan maimakon kokawa a matsattsen banɗakin jirgi. Wasu jiragen suna sanar da isowar miƙati, wasu ba sa yi, don haka ki tambayi malaminki tun a gida yadda za ki yi niyya in ba a sanar ba. Wadda za ta fara da Madina ba ta da wannan, sai ranar fita za ta ɗauka a Zul-Hulaifa.

Daga jirgi zuwa masauki

Bayan jami'an shige da fice sun buga miki hatimi, ki je inda kaya ke zagayawa, ki gwada lambar tag ɗin hannunki da ta jikin akwati kafin ki ja. Baƙin akwati da jakar Ghana-must-go duk kama suke yi, shi ya sa ɗaura ƙyallen atamfa mai launi a hannun akwati ke da amfani. Jakar da ba taki ba kada ki taɓa ta, ko da kin ga sunanki a jiki, ki kira jami'i ki nuna masa tag ɗinki da hotunan da kika ɗauka a Kano. In akwati bai fito ba, kada ki bar zauren sai kin je teburin kayan da suka ɓata an cika miki takardar rahoto an ba ki lamba. A ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal ta 1999, kayan da suka kwana 21 ba su iso ba ana ɗaukarsu sun ɓata, a biya diyya, wanda ya fashe kuma a kai ƙara cikin kwana 7. Ba tare da wannan takarda da tag ba, da wuya a saurare ki.

Filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda gine-gine ne daban-daban masu nisa da juna: sabon gini mai lamba 1, da na arewa, da na alhazai. Ki san a wanne za ki sauka, a wanne kuma za ki tashi ranar dawowa, yana rubuce a tikiti. Tun a gida ki sa ejan ya rubuta miki sunan otal da Larabci da Turanci, da lambar wayar wakilinsu na can, da bayanin ko kuɗin da aka biya ya haɗa da mota daga filin jirgi. "Za a zo a ɗauke ku" ba amsa ba ce. Wa zai zo, ina zai tsaya, in bai zo ba wa za a kira? Ki haɗa da lambar ƙaramin ofishin jakadancin Nijeriya da ke Jidda. Duk a takarda, ba a waya kaɗai ba, domin caji yana ƙarewa.

In babu motar ejan, hanya uku ce. Akwai tasi mai rajista a layinsa a bakin fita, akwai na manhajar waya irin su Uber da Careem in kin sayi layin can, akwai kuma jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda tasharsa ke haɗe da gini mai lamba 1. Yana kai wa Makka cikin kimanin awa ɗaya, tsakanin Makka da Madina kuwa, tafiyar kilomita 450 da bas ke yi a awa biyar zuwa shida, shi awa biyu da rabi ne ko ƙasa. Amma yana da iyakar kaya, babban akwati guda da jakar hannu, kuma tashoshinsa na Makka da Madina ba a bakin Harami suke ba, sai kin sake hawa mota. Ga mai akwati biyu da tsohuwa a hannu, mota guda daga ƙofa zuwa ƙofa ta fi sauƙi. Jirgin ƙasan ki ajiye shi sai ranar zuwa Madina.

Masu tare mutane a bakin fita suna kiran Makka, Makka, wasunsu har da Hausa, ki wuce su. Jin Hausa a baƙon wuri yana sanyaya zuciya, amma ba shi ne lasisin tuƙi ba. In tasin ba ya aiki da mita, a yanke kuɗi kafin a sa kaya, a kuma fayyace kuɗin mota duka ne ko na mutum ɗaya, sannan har ƙofar otal ne. Ki tanadi ƙananan Riyal don wannan tun kafin ki fita. Ki zauna a baya, ki ɗauki hoton lambar motar, kuma kada ke kaɗai ki zauna ciki maigida ya koma ɗauko wani abu. Wajen sauka ke za ki fara fita, shi ya biyo baya, a sauke kaya sannan a biya.

Ranar dawowa a bar Makka aƙalla awa biyar kafin tashin jirgi, a Ramadan fiye da haka. Tsaraba a auna ta tun a otal, domin kuɗin ƙarin kilo yakan fi kuɗin dabinon da ke ciki. Ruwan Zamzam a filin jirgi ake sayen na lita 5 da aka naɗe don jirgi, ki tambaya ko kamfaninki na ɗauka, kada ki cusa gora cikin akwati. Ƙirgen tag da ɗaukar hoto a sake yi a Jidda kamar yadda aka yi a Kano. Direban da zai tarye ki a ba shi lambar jirgin, ba lokacin sauka kaɗai ba, don ya san in an makara. In kuma jirgin ya sauka Kano bayan la'asar, ki kwana a Kano, masu taryar Hajiya a Dutsin-Ma da Kurfi su ɗaga girkinsu zuwa gobe da hantsi.